Tsohon Katin Girafik: A Ci Gaba da Buga Gem da Shi ko a Sauya?

Duk wanda ya haɗa kwamfutar gem tsakanin 2016 da 2019, ko ya sayi ta hannu daga baya, da wuya a buɗe cikinta ba a tarar da ɗaya daga cikin katuna biyu ba: GTX 1060 na kamfanin Nvidia, ko RX 580 na AMD. Na farko ya fito a watan Yulin 2016 a kan dala 249, na biyu ya biyo baya a Afrilun 2017 a kan dala 229. Su ne katunan masu matsakaicin hali a zamaninsu, kuma sun yi farin jini matuƙa. GTX 1060 ya shafe kusan shekara biyar yana kan gaba a ƙididdigar da dandalin Steam ke fitarwa kowane wata, sai a ƙarshen 2022 GTX 1650 ya karɓe masa matsayin.

Yanzu shekaru sun ja, farashin sabon kati ya fi ƙarfin aljihun yawancin matasa, ga kuma sababbin gem suna fitowa da buƙatu masu tsauri. Shi ya sa tambaya ɗaya ke yawo a bakin 'yan gem: wannan katin nawa zai ƙara kai ni wani wuri, ko in fara tara kuɗi? Shekarun kati kaɗai ba sa amsa wannan tambaya. Abin da ke amsa ta shi ne irin gem ɗin da kake bugawa, da girman hoton da kake nema, da kuma halin da katin yake ciki a yau. Duk waɗannan abubuwa ne da za ka iya aunawa da kanka a ɗakinka, da manhajoji na kyauta.

Me ya sa suka daɗe, me ya sa suka fara gazawa

Yawancin manyan gem ana tsara su ne daidai da ƙarfin na'urorin PlayStation da Xbox, sannan a kawo su kwamfuta. PlayStation 4 ta fito a 2013, ta riƙe kasuwa shekara bakwai, kuma GTX 1060 ya ninka ta ƙarfin zane fiye da sau biyu. Don haka kusan duk abin da aka yi wa PlayStation 4, wannan katin yana ɗaukarsa cikin sauƙi. A Nuwamban 2020 PlayStation 5 da Xbox Series X suka fito da ƙwaƙwalwa mai gigabait 16, da ma'ajiyar SSD mai sauri, da sababbin dabarun zane. Shekaru biyu zuwa uku na farko kamfanoni sun riƙa fitar da gem ga tsofaffin na'urori da sababbi a lokaci guda, abin da ya ƙara wa tsofaffin katuna tsawon rai. Daga 2023 ne aka fara barin PlayStation 4 a baya da gaske, kuma daga nan masu GTX 1060 da RX 580 suka fara jin jiki.

Wannan tarihi ya ba ka ma'auni mai sauƙi. Idan gem ya fito a PlayStation 4, kusan tabbas katinka zai iya da shi. Idan na PlayStation 5 ne kaɗai, sai ka bincika kafin ka kashe data wajen sauke shi.

Matakin farko: san ainihin katin da ke hannunka

Suna ɗaya yana ɓoye katuna daban-daban. Sauke ƙaramar manhajar GPU-Z, ka buɗe ta, ka duba abu uku: yawan ƙwayoyin lissafi, girman ƙwaƙwalwa, da faɗin hanyar ƙwaƙwalwar.

GTX 1060 mai gigabait 6 yana da ƙwayoyi 1,280 da hanya mai faɗin bit 192. Mai gigabait 3 kuwa ƙwayoyinsa 1,152 ne, wato ban da ƙarancin ƙwaƙwalwa, ƙarfinsa ma bai kai na ɗan'uwansa ba. RX 580 na asali yana da ƙwayoyi 2,304 da hanya mai bit 256, kuma akwai mai gigabait 8 da mai gigabait 4. Idan ka ga 2,048 a wurin ƙwayoyi, to abin da ke hannunka shi ne wanda ake kira RX 580 2048SP, wanda aka yi don kasuwar China, kuma a zahiri RX 570 ne da aka sauya wa suna.

Akwai kuma jabu tsantsa. Wasu na ɗaukar tsohon kati irin GTS 450 na 2010, su sauya masa manhajar ciki ya riƙa kiran kansa GTX 1060 ko GTX 1050 Ti. GPU-Z kan gano irin waɗannan ta sa musu alamar jabu kusa da sunan. Da ido ma ana ganewa: GTX 1060 na gaskiya ba ya zuwa da ramin VGA ɗin nan mai launin shuɗi, domin tun daga wannan jerin Nvidia ta daina sa shi.

Tambayoyi uku da ke yanke hukunci

Kafin ka sauke kowane gem, buɗe shafinsa a Steam ko a gidan kamfanin da ya yi shi, ka karanta jerin buƙatunsa da tambayoyi uku a zuciya.

Ta farko: gem ɗin zai ma yarda ya buɗe? Wannan ita ce matsalar da rage saiti ba ya maganinta. A 2020 Microsoft ta fitar da tsarin DirectX 12 Ultimate, wanda ya ƙunshi dabarar bin sawun haske, inda kati ke lissafin yadda haske ke faɗawa kan abu ya dawo, da wata sabuwar hanyar sarrafa siffofi da ake kira mesh sheda. GTX 1060 da RX 580 ba su da sassan da aka gina don waɗannan ayyuka. Alan Wake 2, na kamfanin Remedy da ke Finland, ya fito a Oktoban 2023 yana dogara da mesh sheda, kuma ya riƙa jan ƙafa a katunan GTX 10 har sai da aka yi masa gyara a Maris na 2024, aka sassauta buƙatarsa zuwa GTX 1070. Indiana Jones and the Great Circle na Disamban 2024 da Doom: The Dark Ages na Mayun 2025 sun wajabta bin sawun haske, mafi ƙarancin abin da suke karɓa shi ne RTX 2060 Super ko RX 6600. Final Fantasy VII Rebirth na kwamfuta, wanda ya fito a Janairun 2025, shi ma yana neman DirectX 12 Ultimate. Waɗannan ukun ba za su yi aiki a katinka ba, komai lafiyarsa.

Ta biyu: ƙwaƙwalwar katin ta isa? Ƙwaƙwalwar kati kamar teburin tela ce. Idan yadin ya fi teburin faɗi, tela zai riƙa naɗe wani sashe ya ajiye gefe, ya jawo wani, kuma duk gwanintarsa aikin zai riƙa tsayawa. Haka kati ke yi idan hotunan gem suka fi ƙarfin ƙwaƙwalwarsa: sai ya riƙa aro daga RAM ɗin kwamfuta, wadda ta fi jinkiri nesa ba kusa ba. Alamar ita ce gem yana tafiya daidai, da zarar ka juya ko ka shiga sabon wuri sai ya ƙame na ɗan lokaci, ko bango da tufafi su fito dishi-dishi. A yau gigabait 8 yana wadatarwa a girman 1080p idan ba a zaƙe ba, gigabait 6 yana buƙatar lallaɓawa, gigabait 3 da 4 kuwa sun koma na tsofaffin gem da na gasa. A nan RX 580 mai gigabait 8 ya fi abokin hamayyarsa tsufa da kyau.

Ta uku: saurin ya isa? Motsi a gem jerin hotuna ne da kati ke zanawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ana kiransa firam. Firam 60 a daƙiƙa shi ne abin da ido ke gani sumul, kuma hakan na nufin kati ya gama kowane hoto cikin kusan kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa. Firam 30 ya isa ga gem na labari da yawo, amma ya yi kaɗan ga gem na harbi da ake gasa da wasu. Girman hoto kuma shi ne nauyin aikin: 1080p ɗigo miliyan 2 da 'yan kai ne, 1440p kusan miliyan 3.7, 4K kuwa miliyan 8.3. An yi waɗannan katuna ne don 1080p, kuma a nan ya kamata su tsaya.

Inda suke da sauran ƙarfi

Jerin abin da suke iyawa yana da tsawo. Counter-Strike 2, Valorant, Dota 2, Fortnite, eFootball da GTA V na 2015 duk suna gudu da kyau. EA Sports FC 24 yana farawa ne daga GTX 1050 Ti ko RX 570, waɗanda ke ƙasa da katunan da muke magana a kai, don haka masu ƙwallo ba su da damuwa. Red Dead Redemption 2 da God of War na kwamfuta sun sa GTX 1060 mai gigabait 6 a sahun katin da suke ba da shawarar a yi amfani da shi. Baldur's Gate 3 na 2023 yana karɓar GTX 970, wanda ya girmi 1060.

Sai rukuni na tsakiya, inda katin ya zama shi ne matakin ƙasa. Elden Ring na 2022 ya sa GTX 1060 da RX 580 a mafi ƙarancin buƙata. Haka Cyberpunk 2077 bayan babban sabuntawar Satumban 2023, haka kuma Black Myth: Wukong na 2024. A irin waɗannan, ka sa rai da saiti na ƙasa da firam 30 zuwa sama kaɗan. Ana bugawa, ana jin daɗin labarin, amma hoton ba zai yi kama da wanda ka gani a talla ba.

Yadda za ka gwada da kanka

Gani ya kori ji. Sauke MSI Afterburner tare da abokiyar tafiyarta RivaTuner, ka shiga sashen sa ido, ka zaɓi abubuwa shida su riƙa bayyana a kusurwar allo: yawan firam, zanen tazarar lokaci tsakanin firam, kason aikin kati, zafinsa, yawan ƙwaƙwalwar da ya cika, da kason aikin furosesa. Ka buɗe gem ɗin da ka fi bugawa, ka je wurin da ya fi cunkoso, kamar tsakiyar gari ko fagen faɗa, ka yi wasa na akalla minti 20 don katin ya ɗauki zafinsa na gaskiya.

Ga yadda ake karanta sakamakon. Idan aikin kati yana kan kashi 95 zuwa 100 kuma firam ya yi ƙasa, katin ne ya kai iyakarsa, rage saiti zai taimaka. Idan aikinsa yana yawo a kashi 60 ko 70 alhali firam bai kai yadda kake so ba, wani abu ne ke riƙe shi, galibi furosesa ko RAM, kuma sayen sabon kati ba zai warware komai ba. Idan ƙwaƙwalwa ta cika maƙil, zanen tazarar firam kuma yana yin tsini-tsini, matsalar ƙwaƙwalwa ce. Idan wasa ya fara da kyau, bayan minti goma ya soma nauyi yayin da zafi ke hawa, katin yana rage gudu ne don ya kare kansa. GTX 1060 yana fara wannan ja da baya idan ya kai digiri 83.

Kowace alama da maganinta, don haka kada ka taɓa komai kafin ka san wacce ce taka.

Saiti: abin da za a rage da abin da za a bari

Kuskuren da aka fi yi shi ne a danna saiti na ƙasa gaba ɗaya, hoto ya lalace ba dalili. Saituka ba nauyinsu ɗaya ba. Fara daga matsakaici, sannan ka riƙa rage abu ɗaya-ɗaya kana kallon firam.

Waɗanda suka fi cin ƙarfi su ne inuwa, hazo da hasken da ke ratsa shi, gizagizai, hoton da ke dawowa a ruwa da gilashi, da yawan ciyawa da ganye. Rage waɗannan yana ba da firam mai yawa, ido kuma ba ya lura sosai a tsakiyar wasa. Ingancin fatar abubuwa, wato zanen da ke kan bango da fuska da tufafi, ƙwaƙwalwa yake ci, ba ya cin ƙarfin lissafi sosai. Mai gigabait 8 zai iya barinsa a sama ko da sauran saituka suna ƙasa, kuma wannan kaɗai yana riƙe kyan hoto. Mai gigabait 6 ya tsaya a matsakaici a sababbin gem. Yawan jama'a da motoci a kan titi kuwa aikin furosesa ne, ka rage shi idan gwajinka ya nuna can matsalar take. Duk inda ka ga zaɓin bin sawun haske, kashe shi.

Daga nan sai dabarar faɗaɗa hoto. DLSS na Nvidia yana aiki ne a katunan RTX kaɗai, amma FSR na AMD, wanda ya fito a 2021 aka inganta shi a 2022, yana aiki a GTX 1060 da RX 580 duka. Idan ka zaɓi matakinsa mafi inganci a allon 1080p, katin zai zana hoton a 1280 da 720, wato ƙasa da rabin ɗigon, sannan a faɗaɗa shi. Ribar firam tana da yawa, sai dai wayoyin lantarki da gashi da ganye za su ɗan yi rawa. Kada ka sauka ƙasa da wannan mataki a 1080p, domin hoton yana dagulewa. Dabarar ƙirƙiro firam na tsakiya kuma ba ta ceton kati mai rauni, AMD da kanta ta ba da shawarar a sami kusan firam 60 kafin a kunna ta.

Abu na ƙarshe, kuma wanda mutane suka fi rainawa, shi ne ƙayyade firam. Gem da ke tsalle tsakanin 35 da 55 ya fi gajiyar da ido a kan wanda aka ɗaure a 30 ko 40 daram. Sa iyakar a RivaTuner ko a cikin gem ɗin. Wasan zai daidaita, zafi zai ragu, wutar da kati ke sha ma za ta ragu.

Ƙura da zafi

Katin da aka gwada a ɗaki mai sanyi a Turai ba haka zai yi a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ba, inda zafin bazara kan haura digiri 40, hunturu kuma ya cika ko'ina da ƙura. Duk digirin da ɗaki ya ƙaru, kusan haka zafin kati ke ƙaruwa. Sau da yawa katin da aka ce ya tsufa ƙura ce ta toshe masa numfashi, man da ke tsakanin ƙwayarsa da ƙarfen sanyaya kuma ya bushe ya zama kamar alli.

Don tsaftace katin, kunna gem na 'yan mintuna don man ya yi laushi, sannan ka kashe kwamfuta, ka zare wayar wuta, ka danna maɓallin kunnawa sau ɗaya don ragowar wutar ta fita. Cire wayar wutar katin, kwance sukurun da ya riƙe shi da jikin akwati, danna 'yar maƙallar da ke ƙarshen raminsa, ka zaro shi a hankali. Riƙe fanka da yatsa yayin da kake hura iska, kada ka bari ta yi ta juyi da ƙarfi. Bi tsakanin siraran ƙarafan da burushi mai laushi.

Idan za ka sauya man, juya katin ka kwance sukurori huɗu masu sifirin da ke kewaye da bayan ƙwayar, kana bi kusurwa da kusurwa, kaɗan-kaɗan. Wasu katunan suna da ƙarin sukurori a gefe. Ɗaga ƙarfen a hankali, ka kula da siririyar wayar fanka. Goge tsohon man da auduga da sinadarin aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye. Kada ka kusanto da fetur ko ruwa. Za ka ga wasu 'yan faifai masu laushi a kan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ka bar su a wurinsu, idan kuma sun yage a sauya su da masu kauri iri ɗaya. Shafa sabon mai, irin Arctic MX-4 ko makamancinsa, siriri ya rufe fuskar ƙwayar gaba ɗaya har kusurwoyi. Mayar da ƙarfen, ka ɗaure sukurorin kusurwa da kusurwa. Wanda hannunsa bai saba ba ya kai wa mai gyara, ya tsaya a yi a gabansa. Bayan haka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka matsar da shi daga jikin bango, kuma ka riƙa hure ƙurar kowane wata a lokacin hunturu.

Wuta

GTX 1060 yana shan wat 120, RX 580 kuwa wat 185. Nvidia ta ba da shawarar akwatin raba wuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, mai wat 400, AMD kuma mai wat 500. Ramin da kati ke zama yana ba da wat 75 ne kawai, saura sai ta waya mai baki 6 wadda ke ɗaukar wat 75, ko mai baki 8 wadda ke ɗaukar 150. Tsofaffin kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk, waɗanda da yawa ke saya na hannu su mayar na gem, galibi fawa-fak ɗinsu ƙarami ne kuma ba shi da wannan waya. Kada ka cike giɓin da 'yar mahaɗar da ke jawo wuta daga wayar SATA. Ba a yi ta don irin wannan nauyi ba, tana iya narkewa. Ga irin waɗannan kwamfutoci, kati mai wat 75 kamar GTX 1650 da ba ya neman ƙarin waya shi ne daidai.

Mai amfani da inbata da sola ya yi lissafi. Kwamfuta mai GTX 1060 tare da allonta tana shan kusan wat 250 a tsakiyar wasa, wato awa huɗu ta cinye yunit ɗaya. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe kusan yunit 2.4, kuma irin na gargajiya rabinsa ake so a sha don ya daɗe. Bambancin wat 65 da ke tsakanin katunan biyu yana bayyana a irin wannan lissafi. Mai RX 580 zai iya rage masa ƙarfin wutar da yake ja ta manhajar Adrenalin ta AMD, kaɗan-kaɗan yana gwadawa, sau da yawa ba tare da asarar firam ba. Kuma kada a haɗa kwamfuta kai tsaye da janareta ko wutar NEPA mai hawa da sauka ba tare da sitabilaiza ko UPS ba.

Sauran sassan kwamfuta da direba

Kati ba ya aiki shi kaɗai. RAM mai gigabait 8 ta yi kaɗan ga sababbin gem, 16 ake so, kuma sanda biyu masu 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri. Tsohuwar ma'ajiya mai faifai tana jawo tsaiko, har Cyberpunk 2077 ya daina lissafa ta cikin abin da yake karɓa, don haka SSD ya zama wajibi. Furosesa mai ƙwaya huɗu irin Core i5 na zubi na 4 zuwa na 7 tana shaƙewa a gem masu faɗin duniya. Gyare-gyare biyu na farko, wato RAM da SSD, sun fi sabon kati araha, kuma sau da yawa su ne ke kawar da ƙamewar da ake ɗora wa kati laifinta.

Game da direba, wato manhajar da ke haɗa kati da Windows, lokaci ya fara ƙurewa. Tun 2023 AMD ta ware jerin RX 400 da RX 500 gefe, ta rage sabunta su. Nvidia ta sa Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen direbobin da ake gyarawa don sababbin gem a jerin GTX 10, sai gyaran tsaro kawai har zuwa Oktoban 2028. Katin ba zai daina aiki ba, amma idan sabon gem ya zo da matsala a kansa, da wuya a gyara. Idan gem yana rufewa da kansa, goge tsohon direba da manhajar DDU, ka sauke na ƙarshe daga shafin Nvidia ko AMD kai tsaye.

Idan saye za ka yi yanzu

Riƙe katin da kake da shi daban, sayensa yau daban. Wanda zai fitar da kuɗi a Titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ya fara duba katunan da suka haye shingen DirectX 12 Ultimate. RX 6600 na 2021 yana da gigabait 8, yana shan wat 132 kacal, kuma ya fi RX 580 ƙarfi sosai. RTX 3060 mai gigabait 12 ya fi kowa sararin ƙwaƙwalwa a wannan aji, ga DLSS. RTX 2060 Super mai gigabait 8 shi ma ya wuce. RTX 2060 na farko yana da fasahar, amma gigabait 6 ɗinsa bai kai abin da Indiana Jones da Doom suke nema ba. GTX 1660 Super ya fi 1060 gudu, sai dai ba shi da sashen bin sawun haske. RX 6500 XT kuwa hanyar da ke haɗa shi da madabod siririya ce, yana rasa ƙarfi a tsohon madabod. Katunan Intel Arc suna buƙatar wata fasaha mai suna Resizable BAR wadda tsofaffin kwamfutoci ba su da ita.

Idan aljihu bai wuce RX 580 ko GTX 1060 ba, a saya da ido buɗe, domin araha ba ta ado. An yi amfani da ɗimbin RX 580 wajen haƙar kuɗin kirifto dare da rana, kuma da kuɗin kirifto na Ethereum ya daina wannan tsari a Satumban 2022 suka kwararo kasuwa. Ba dukkansu ne suka lalace ba, amma fankokinsu da ƙwaƙwalwarsu sun sha aiki, wasu kuma an sauya musu manhajar ciki. Kada ka biya sai an sa katin a kwamfuta a gabanka. Buɗe GPU-Z ka tabbatar da lambobin. Kunna FurMark ko Unigine Superposition na minti 15 zuwa 20, kana kallon zafi, kana neman ɗigo-ɗigo masu launi, ko layuka, ko allo ya ɗauke. Saurari fanka ko tana ƙara, gwada kowane ramin allo, duba bayan katin ko ya yi duhun ƙuna ko tsatsa. Sannan ku yi yarjejeniyar kwanakin mayarwa da mai shago, a rubuta a rasit.

Hukunci

Ga mai buga ƙwallo, gem na gasa, da manyan gem na zamanin PlayStation 4 a girman 1080p, GTX 1060 mai gigabait 6 da RX 580 mai gigabait 8 suna da sauran amfani, kuma babu dalilin takura kai a sauya su. A wanke kati, a sauya masa mai, a ƙara RAM da SSD, a daidaita saiti. Ga wanda burinsa sababbin gem na 2025 zuwa gaba, ko allon 1440p, lokacin sauyi ya yi, kuma ya tara kuɗinsa ya sayi kati mai gigabait 8 ko fiye da ke ɗauke da DirectX 12 Ultimate. Kafin ka sayar ko ka saya, rubuta gem biyar da kake bugawa da gaske, ka duba buƙatunsu, ka yi gwajin minti 20 ɗin nan. Abin da lambobin suka nuna maka shi za ka bi.